Inna Wanne da Tambayar Bakin Ƙofa

Shekara goma sha ɗaya ina dafa abinci a gidan renon yaran nan, kuma babu wanda ya sa girkina ya riƙa hucewa kamar Inna Wanne. Zan sauke shinkafa ƙarfe sha biyu daidai, in zuzzuba a ƙananan kwanuka, in jera a tire, in kai ƙofar ɗakin 'yan shekara uku, sai in tarar da ita a tsugune gaban wani ɗan mitsitsin yaro, cokali biyu a hannunta, tana jira ya yanke hukunci. Ja ko kore. Yaro ya kalli wannan, ya kalli wancan, ya zura yatsa a hanci, ya shiga dogon tunani. Ita kuwa ko gezau. Ni ce dai mai tsayuwa da tire har hannuna ya sage.

"Yaya, don girman Allah ki damƙa masa ɗaya mu wuce wurin," in ce da ita.

"A bakinki za a sa cokalin ko a nasa?" Amsarta ke nan kullum, ko ɗago kai ba ta yi.

Yara ne suka raɗa mata sunan, saboda daga safe har yamma ba ka jin komai a bakinta sai wanne kake so, wanne kike so. Sunan ya bi ta har iyaye suka ɗauka, har Shugaba, matar da ke da gidan renon, ta fara rubuta shi a jadawalin aiki. Ni Yaya nake ce mata, don ta girme ni da shekara tara, kuma ita ta riƙe ni lokacin da na zo sabuwa ban san inda ake ajiye ashana ba.

Da shara da wankin banɗaki ta fara a gidan, bayan mijinta, direban babbar mota, ya rasu ya bar ta da yara maza biyu. Ba ta da takardar komai. Wata rana mai kula da ɗakin tsakiya ta kwanta rashin lafiya, aka ce ta zauna da yaran kafin a samo wata. Da Shugaba ta leƙo bayan awa biyu, ta tarar ɗakin tsit, kowane yaro da abin da yake yi, sai aka daina neman wata. Shekara ashirin da biyu ke nan. 'Ya'yanta sun girma sun tafi neman na kansu, tana zaune ita kaɗai a ɗaki ɗaya da baranda, gwiwoyinta suna ƙara duk sa'ad da ta tsuguna, kuma a rana ɗaya takan tsuguna fiye da sau ɗari, don ba ta yarda ta yi wa yaro magana daga sama ba.

Tana da ƙa'idojinta, ko da yake ba a rubuce suke ba. Ba ta ba yaro zaɓi a kan abin da ya wuce biyu, ta ce na uku ruɗani ne. Ba ta tambaya sai idan ta san za ta iya cika amsar. In kuwa yaro ya amsa, to ya amsa. Akwai wanda ya yi wata uku yana barcin rana a ƙarƙashin tebur, ita ta ja masa katifarsa can. Akwai wadda ta zaɓi ta sa takalmin dama a hagu, Inna Wanne ta bar ta ta yi taku goma, yarinyar ta zauna ta sauya da kanta. Iyaye wasu suna jin daɗi, wasu suna ƙorafi cewa ana sangarta musu yara. Wani uba ya taɓa zuwa a fusace wai ɗansa ya tambaye shi a gida, "Baba, wanne kake so, ka yi shiru ko ka fita?" Mun yi mako guda muna dariyar wannan a kicin.

Na taɓa tambayarta inda ta samo wannan hali. Muna wanke kofuna ne. Ta ce tana da shekara huɗu aka sa mata sabuwar riga aka ce za a je unguwa, aka kai ta gidan gwaggonta, aka dawo ba da ita ba. Ta ce ba zaman gidan gwaggon ne ya dame ta ba, matar ta riƙe ta da kyau. Abin da ya tsaya mata shi ne babu wanda ya ko dube ta ya ce ga abin da za a yi. Daga nan ta miƙo mini kofi ta ce ban ɗauraye shi da kyau ba, maganar ta mutu.

Na ba da wannan labarin ne don a san ba sakarya ba ce, kuma ba muguwa ba. Abin da ya faru da Ɗigo ya faru ne ta hannun mace mafi kula da yara da na taɓa sani, shi ya sa har yau yake ci mini rai.

Ɗigo yarinya ce 'yar shekara uku da rabi, ƙarama ƙwarai, shi ya sa muke kiranta haka. Ga surutu kamar rediyo. Ita ce irin yaran da Inna Wanne ke alfahari da su, don kafin a gama tambaya ta amsa, har ta ƙara da dalili. Kore take so saboda ja na maza ne yau. Ba za ta hau lilo ba saboda lilon ya gaji. Uwarta ma'aikaciyar jinya ce, ita ke kawo ta da safe cikin farin kaya, tana sauri, ta dawo ɗaukarta ƙarfe huɗu. Ubanta yana da shagon sayar da kayan wuta. Da can wani lokaci shi ke zuwa, sai muka daina ganinsa. Ɗigo ce da bakinta ta sanar da duk ɗakin cewa Babanta ya koma wani gida mai shuɗiyar ƙofa, kuma Mama tana kuka a banɗaki. Yara ba su da sirri, duk abin da ke gidajen mutane a ɗakin nan muke jin sa.

Ranar wata Laraba ce. Shugaba ta tafi taro, ta bar gidan a hannun Inna Wanne. Huɗu saura kwata sai ga uban a bakin ƙofa, bayan wata biyu ba mu sa shi a ido ba. Sunansa yana cikin takardar masu izinin ɗaukar yarinyar, babu wanda ya goge, don haka mai gadi ya buɗe masa. Ɗigo ta hango shi ta taga, ta fita a guje ba takalmi, ta maƙale masa a ƙafa. Inna Wanne ta bi ta da jaka da takalman. Tana sa mata na biyun ke nan uwar ta shigo.

Ina bakin kicin da bokitin shara, a idona aka yi komai. Da farko a hankali suka fara, irin maganar da ake yi haƙora a cije. Sai murya ta tashi. Ita tana cewa wata biyu ko waya bai yi ba, yau ne ya tuna yana da 'ya? Shi yana cewa ita ta hana shi, kuma 'yarsa ce, ba wanda zai yi masa iyaka da ita. Sauran iyaye suka tsaya cirko-cirko da nasu yaran. Uwar ta kama hannun Ɗigo na dama, uban yana riƙe da na hagu. Ba su ja ta da ƙarfi ba, kada in yi musu ƙarya, amma babu wanda ya saki. Yarinyar ta yi tsuru-tsuru a tsakiya, tana kallon sama, daga wannan fuska zuwa waccan.

Inna Wanne ta ce su yi haƙuri, ba su ji ba. Ta ce su shigo ofis, ba su ji ba. Sai jikinta ya yi abin da ya saba yi shekara ashirin da biyu in ta ga manya suna magana a kan yaro ba tare da sun dube shi ba. Ta tsuguna. Na ji ƙarar gwiwarta daga inda nake. Ta ce, da muryar nan tata mai sanyi, "Ku sake ta tukuna. Ɗigo, kalle ni. Wa za ki bi yau, Mama ko Baba?"

Suka sake ta kuwa.  Ni kaina a lokacin na ce a raina, yauwa, ga mai hankali ta zo. Ɗigo, wadda ba ta taɓa jinkirin amsa ba, ta daɗe. Ta kalli uwarta, wadda take gani kullum safe da yamma. Ta kalli uban da ta yi wata biyu ba ta gani ba. Ta ɗaga ɗan yatsa ta nuna shi.

"To, kowa ya ji," in ji uban. Ya juya ya kalli mutanen da ke tsaye ɗaya bayan ɗaya. "Ba ni na faɗa ba. Malamarta ce ta tambaye ta, ita ta zaɓa."

Ya ɗauki Ɗigo ya sa ta a motarsa. Uwar ta tsaya da hannunta a buɗe kamar yadda ta sake ta, har motar ta fita layin. Sannan ta gyara jakarta a kafaɗa ta tafi, ba ta kalli kowa ba. Inna Wanne tana nan a tsugune, sai da na je na kama ta ta miƙe.

"Yau na ce," ta ce da ni. "Kin ji ai, yau kawai na ce."

Na ji. Amma babu wanda ya riƙe wannan kalmar sai mu biyu. Dangi suka zauna a kan maganar, kamar yadda muka ji daga baya, kuma duk inda aka juya sai uban ya kawo zancen bakin ƙofa, da shaidunsa. Uwar ba ta yi jayayya yadda aka zata ba. Ɗigo ta zauna a gidan mai shuɗiyar ƙofa, wurin uban da ƙanwarsa.

Bayan kwana tara aka dawo da ita gidan reno. Ƙanwar uban ce ta kawo ta, an yi mata wanka tsaf, da sabuwar jaka. Ba a wulaƙanta ta a can, wannan ma dole in faɗa. Amma rediyon ya mutu. Da rana na kai tire, Inna Wanne ta tsuguna gabanta da cokali biyu, sai yarinyar ta mayar da hannuwanta baya ta damƙe su. Aka jira, aka jira. Ba ta kalli ja ba, ba ta kalli kore ba, bango take kallo. Washegari haka. Lilo ko yashi, shiru. Fenti ko kwali, shiru. Ranar da wata sabuwar malama ta matsa mata da wace waƙa za a yi, yarinyar ta jiƙe wandonta a tsaye.

Inna Wanne ta daina tambayarta. Sai ta zo ta ajiye cokali ɗaya ta ce, "Yau ni na zaɓa miki, in bai yi daɗi ba laifina ne." Da haka yarinyar ta koma cin abinci. Na san yadda wannan ya ci wa matar nan rai, ita da ta yi rabin rayuwarta tana faɗa da mu a kan kada a zaɓa wa yaro. Ta rame. Ta daina zama shan shayi da mu da safe. Shugaba ba ta kore ta ba, ta dai kira mu duka ta kafa doka cewa daga yau babu ma'aikaciyar da za ta sake tambayar yaro komai a bakin ƙofa, in an sami saɓani a rufe ƙofa a kira ta a waya. Doka ce mai kyau. Haushina ɗaya, sai da aka yi ɓarnar aka san da ita, kuma mai kafa dokar tana can wurin taro ana ba ta lemo ranar da ake bukatarta.

Wata Asabar Inna Wanne ta ce in raka ta shagon uban. Na ce ba ruwana, sannan na ɗauki mayafina. Muka same shi a tsakanin kwalayen ƙwan fitila da naɗin waya, ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo kujeru.

"Ɗana, na zo ne in janye tambayata," ta ce. "Kuskure na yi. Yarinyar nan ba zaɓen gida ta yi ba. Kewarka ta yi, shi ke nan. Da kai take gani kullum, uwar ce ta yi wata biyu ba ta nan, uwar za ta nuna."

Ya yi murmushi. "Inna, ba ke ce kike ce mana mu saurari yara ba? A taron iyaye kin faɗa, ina wurin. Kin ce in yaro ya amsa, ya amsa."

"A kan cokali na faɗa. A kan takalmi."

"To ni dai na saurara," ya ce. Wani mai saye ya shigo neman soket, ya tashi ya bar mu da kujerunsa.

A hanya na zazzage shi tas, shi da shagonsa da murmushinsa. Ita ba ta taya ni ba. Ta ce ai bai yi ƙarya ba, ta faɗa.

Uwar ta fi wuyar samu. Ta sauya wurin aiki, ta koma wani ƙaramin asibiti a ƙarshen gari, sai da muka hau mota biyu. Muka jira ta a benci har ta fito hutun rana. Ta gaishe mu da ladabi, ta zauna a gefe, tana murza hular aikinta a cinya. Inna Wanne ta faɗa mata duk abin da ta faɗa wa uban, ta ƙara da cewa yarinyar ba ta magana, ba ta zaɓen komai, ta zo ko sau ɗaya ta gan ta a wurinmu, babu mai hana ta.

"Inna, na san yarinya ce," in ji uwar. "Aikina ke nan, na san abin da ɗan shekara uku ya sani da wanda bai sani ba. Kaina ya sani. Amma ni na yi naƙudarta, ni na yi ta tashi da ita tana zazzaɓi, ni kaɗai, wata biyun nan. Aka tambaye ta a gaban mutane, ta kalle ni, ta nuna shi. Duk na rufe ido yatsan nan nake gani." Ta share fuska da bayan hannu. "Ina zuwa gidan duk ƙarshen mako biyu, suna bari in gan ta a falo. Ba ta zuwa jikina. Tana tsayawa a bayan kujera tana kallona kamar mai jiran duka. In na zo wurinku ta yi mini haka a gaban mutanen nan kuma, ba zan iya ɗauka ba."

"Tsoro take ji kin yi fushi da ita," in ji Inna Wanne.

"Wataƙila na yi," ta ce a hankali. "Allah Ya yafe mini."

Ta ce za ta duba, za ta zo in ta samu hali. Muka yi sati uku muna kallon ƙofa ƙarfe huɗu. Wata rana mai gadi ya ce ya ga mace cikin farin kaya a tsallaken titi, ta daɗe a tsaye wajen mai gyaran takalmi, sannan ta hau mota. Ko ita ce, ko ba ita ba ce, ban sani ba.

Ana saura mako ɗaya a yi hutun ƙarshen zango, ƙanwar uban ta gaya wa Shugaba cewa Ɗigo ba za ta dawo ba, an samar mata babbar makaranta kusa da shago. Ranarta ta ƙarshe Alhamis ce. Yara sun watse, saura ita kaɗai, an makara zuwa ɗaukarta. Ina goge teburan baranda. Inna Wanne ta sa mata takalma, ta rataya mata jaka, ta zaunar da ita a benci. Sai yarinyar ta sauka da kanta, ta taka har bakin ƙofa, ta tsaya daidai inda ta tsaya ranar nan. Ta juyo.

"Inna."

Rabon da mu ji muryarta a sarari an fi wata biyu. Tsumman ya faɗi daga hannuna. Inna Wanne ta je ta tsuguna a gabanta.

"Na'am, uwata."

"Ki sake tambayata."

Na ga bayan Inna Wanne ya sandare. Na san abin da take lissafawa, don na san ƙa'idarta: ba ta tambaya sai ta san za ta iya cika amsar. In ta tambaya, yarinyar za ta amsa, kuma ko me ta ce, motar da za ta zo ita ce za ta zo. A raina ina cewa, Yaya, tambaye ta mana, ko don ta fitar da abin daga cikinta, wa zai sani? Har yau ban san wanne ne daidai ba, kuma na daina yi wa kaina alƙawarin zan sani.

"Ba zan iya ba," ta ce.  "Tambayar nan ba taki ba ce, Ɗigo. Ta manya ce. Ni na yi kuskure na ba ki. Ba ki yi laifin komai ba, kin ji? Mama ba ke kika kore ta ba. Ni ce ban yi daidai ba."

Yarinyar ta saurara har ƙarshe, kamar yadda aka koya mata a ɗakin nan cewa in wani yana magana a bar shi ya gama. Sannan ta ce, "Na shirya amsata."

"Na sani."

"To wa zan gaya wa?"

 A waje mota ta tsaya ta yi oda sau biyu, mai gadi ya tashi ya zare sakata. Ɗigo ta ƙara jira kaɗan, tana kallon fuskar Inna Wanne. Da ta ga ba za a ce komai ba, ta gyara igiyar jakarta ta fita.